Muryarka Tana Cikin Salula Mai Kumburi

Zuwa ga ɗana Habibu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka duk inda Allah ya ajiye ka tun ranar da ka hau jirgin roba don tsallaka teku. Ni ne dai mahaifinka, wanda malaman firamare suka gaji da shi tun yana aji uku.

Maganar manhajar nan ce da ka haɗa a ɗakinmu na unguwar Tayuri a nan Sabha, mai nuna wa direbobin sahara rijiyoyi ko babu layi. Ka bar rubutunta a buɗe kowa ya ɗauka kyauta, ina ta maka dariya, wai na haifi mai sadaka da abin da ko akuya ba ta ci.

Kai kuma kana cewa, "Baba, rubutun ɗanye ne, sai an dafa wa kowace na'ura nata." Kwamfuta na huci kamar tsohuwar mota a tudun yashi, ka dafa wa kwamfuta mai tambarin taga, ka dafa wa mai tambarin baƙin tsuntsu, ka dafa wa salula. Tawa ka dafa mata daban, da muryarka tana kiran sunayen rijiyoyi, don ka san iyakar karatuna.

To, batirin salular nan ya kumbura kamar burodi. Na sayo sabuwa mai tambarin gutsurarriyar tuffa, da wayona wai mai tsada ba ta ƙin komai. Na haɗa su ciki da ciki don manhajar ta koma sabuwar, na danna duk abin dannawa. Ta ƙi.

Wani bawan Allah a wata ƙasa ya ɗauki rubutunka ya dafa wa irin sabuwar. Tana aiki, direbobi na sa maka albarka. Amma da na buɗe, macen inji ce ke magana. Ashe muryar ba ka sa ta a buɗe ba. Ni kaɗai ka ba.

Na gwada ɗaukar sautin da sabuwar, ya fito da ƙugin fanka da tarina. Mai gyara ya ce tsohuwar ba za ta kai Azumi ba. Mahaifiyarka kan karɓe ta bayan Azahar, ta ji kana jera rijiyoyin da ba za ta taɓa zuwa ba, tana amsa maka da "na'am".

Habibu, na daina dariyar. Dawo ka dafa mana.

In kana raye, Allah ya tsare ka. In ka riga mu, Allah ya shayar da kai kamar yadda ka nuna wa bayinsa ruwa.

Mahaifinka,
Ilu Direba, Sabha