Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba

Baban Hadiza, sallama gare ka, da fatan kabari ya yi maka sauƙi.

Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da ranka ma sai ka nemo tabarau, ka ce rubutuna tafiyar kaza ne.

Ga labarin gida. Wata ɗaya bayan yaran masu mulki sun kashe ka da duka saboda ka hana su fadamarmu, wasu baƙi suka sauko daga sama. Jirginsu na nan tsaye bisa kwarin Badaguishiri, ya tare rana, har albasarka ta ƙi yin kai. Ba su da fuska, ba sa ɗaga murya. Sun kwashe bindigogi, sun buɗe gidan kaso, sun mayar mana da fadama. Me ya hana su zuwa da wuri?

Amma sun ce ɓacin rai ke haifar da zalunci, don haka cire shi suke. Za ka shiga rumfarsu a kasuwa, ka ambaci sunan wanda kake kuka a kansa, ka fito ba ka san shi ba. Wanda ya ƙi, sama suke tafiya da shi. Mutumin da ya taka maka wuya yanzu shayi yake sayarwa a tasha. Jiya ya biyo ta ƙofar gida ya gaishe ni da fara'a, shi ma sun cire masa, bai san komai ba.

Ni sun bar ni in gama takaba, sun ɗauka ciwo ne mai wa'adi. Gobe take cika. Zan je rumfar, don Hadiza na da tsohon ciki, in sun tafi da ni wa zai yi mata wankan jego?

Ban taɓa gaya maka ba: warin albasar rigarka da nake ta mita a kai, ƙarya nake, ina son shi. Jibi zan ga rigar a ƙusa in tambayi ta wane ne. Wannan ne ke ba ni tsoro, ba jirginsu ba.

Shekara ashirin da shida kunya ba ta bar ni na kama sunanka ba, ko a bayan idonka. Yanzu a ce su za su fara jin sa daga bakina? Ban yarda ba. Kai za ka riga su.

Salifu. Salifu, mijina.

Allah ya sada mu inda ba a mantuwa.

Taka, uwar Hadiza, wadda har yau ta san ka.