Na Sa Hannu A Gwajin Da Ban Yi Ba

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a wani asibitin kuɗi a Abuja, shekara huɗu ke nan. A unguwar Bagama ta Suleja muke zaune, kullum bayan asuba nake fita, in sha cunkoson Madalla da Zuba. Wannan bai taɓa damuna ba, aikin na karanta, kuma ina son sa.

Tun bara, idan sinadarin gwaji ya ƙare, mai asibitin ba ya yarda a mayar da mara lafiya. Sai ya ce in rubuta maleriya ko taifot, wai ai kowa yana da su. Da farko na ƙi, sai ya daina amsa gaisuwata, aka jibga mini aikin Asabar da Lahadi. Ba zan ɓoye miki ba, daga baya na rubuta, kuma ba sau ɗaya ba.

Watan jiya wata mata ta kawo 'yarta mai shekara uku da zazzaɓi. Na ɗebi jini, ban yi gwajin ba na rubuta taifot, na sa hannu. Bayan mako biyu muka haɗu da uwar a mota, ta gane ni, ta gaishe ni da fara'a. Ta ce maganin bai yi ba, sai da aka kwantar da su a wani asibiti, can aka gano sikila ce. Yarinyar ta samu sauƙi. Ko zargina matar ba ta yi ba. Ni kuwa tun ranar, in na ɗauki biro sai in tuna yarinyar.

Na samu gurbi a wani ƙaramin asibiti a Gawu Babangida, inda ƙawata Alheri ke aiki. Albashin bai kai na yanzu ba, amma na je na gani, abin da ba su da shi sai su ce babu. Maigidana ya ce in yi abin da hankalina zai kwanta. Matsalar Babana ce. Mai asibitin da nake aiki yanzu amininsa ne tun ƙuruciya, shi ya ɗauke ni bayan na shekara biyu a gida. Ga Baba da hawan jini. Takardar ajiye aiki tana jakata, tafiya kam zan tafi. Amma in gaya masa gaskiya, ko in ce nisa ne ya gajiyar da ni?

Taki, wadda zuciyarta ta ƙi kwanciya, Suleja.

Ƙanwata, shawarar tafiya kin yanke ta, kuma daidai kika yanke. Sai dai kada ki miƙa takardar sai kin karɓi ta Gawu a rubuce. Ki zauna da maigidanki ku duba yadda gida zai tafi da sabon albashin, don farko za a ɗan ji jiki.

Daga gobe kuma, ko kwana ɗaya ya rage miki, kada ki sake sa hannu a gwajin da ba ki yi ba. Abin da ya wuce ki nemi gafarar Allah a kansa.

Mai asibitin nan ya yi miki alheri, wannan gaskiya ne. Ki same shi ku biyu, ki gode masa, ki faɗa masa dalilinki ba tare da cin fuska ba. In bai daina ba, ki sanar da hukumar da ke kula da aikinku, domin tafiyarki ba za ta hana marasa lafiya zuwa wurinsa ba.

Baba kuwa gaskiya za ki gaya masa. In kika ɓoye, daga bakin amininsa zai ji labarin, kuma ba yadda yake ba. Ki je da maigidanki, ki zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa, ki ba shi labarin yarinyar kamar yadda kika ba ni, ban da zagin abokinsa. Zai iya yin fushi na kwanaki, ki yi haƙuri da shi.

Allah Ya sa sabon wurin ya zame miki alheri, Ya ƙara wa Baba lafiya.