Ya Ce Ruwa Ya Sauka, Na Ruga Taga

Anti Firdausi,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Duk wanda na fara gaya wa damuwata sai ya ce in yi haƙuri, kuma haƙurin ina yi, amma bai amsa mini tambayata ba. Ki yafe mini in na yi ta kewaye-kewaye, karatuna bai wuce firamare ba, can Zongon Kumasi.

Maigidana Mahamudu ya rasu wata bakwai ke nan. Zuciyarsa ce ta tsaya yana wurin aiki. Shekara goma sha tara muna haya a unguwar Mount Hope da ke Bronx, ɗaki biyu da falo, hawa na huɗu. A nan na goyi 'yarmu Zaituna, a nan kuma na yi takaba.

A 2009 aka sallame shi daga ma'ajiyar kayan ɗaki inda yake aiki. Shekara biyu yana fita da safe kamar mai zuwa aiki, ashe titin Fordham Road yake zuwa ya tsaya wurin abokansa masu sayar da huluna, don kada Zaituna ta gan shi zaune. Ni ce nake riƙe da gidan da aikin jinyar wata tsohuwa. A 2011 Allah ya ba shi tuƙin motar kayan gini, ya ce an fara gine-gine kuma.

Wata ranar Asabar a ƙarshen 2012 ya shigo fuskarsa cike da fara'a, ko takalmi bai cire ba ya ce mini ruwa ya sauka. Na yar da ludayi na ruga taga don in kwaso dardumar da na shanya a ƙarfen da ke wajen tagar. Na leƙa, gari fes. Ya yi ta dariya har da tari. Ashe kuɗin ruwa yake nufi. Wai babban bankin ƙasar nan ya buɗe famfon kuɗi, bankuna suna ba da rancen sayen gida da ruwa kaɗan, irin wanda ba a taɓa gani ba. Ya nuna mini takarda mai hoton wani gida a unguwar Parkchester, ya ce abin da za mu riƙa biya a wata bai kai hayarmu ba.

Anti, na ƙi. Na ce ruwa ruwa ne, ko cokali ɗaya ne, kuma ba zan sa goshina a ƙasa a ɗakin da aka saya da riba ba. Mun tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce lalura ce, ɗaya ya ce haramun ne. Na kama maganar na biyun. Mahamudu ya ce to, ya ninke takardarsa, bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Allah.

Yanzu an sayar da gininmu ga wani kamfani. Ina cikin takaba wasiƙarsu ta zo, wai takardar haya da sunan maigidana take, ba nawa ba, amma za su ba ni wasu kuɗi in na fita kafin ƙarshen shekara. Zaituna tana karatun tattalin arziki a kwaleji. Ta ce gidan Parkchester ya kusa ninka kuɗinsa, ruwan ma ya hau. Sannan ta ce, da Turanci kamar kullum, da mun saya da babu mai korarmu. Ta ba ni haƙuri daga baya, amma na riga na ji.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, makon jiya ina fitar da tufafinsa don sadaka, sai na sami takardar nan a aljihun ciki na rigar sanyinsa. Ta yi laushi kamar tsumma, hoton ya koɗe wurin ninkin. Shekara shida yana yawo da ita, Anti, yana cin tuwona yana yi mini dariya.

Na cuce shi ne? Kuma kuɗin nan da aka ce an zuba, don irinmu aka zuba ko don wa? In karɓi abin da kamfanin zai ba ni in fita? Ban san inda zan nufa ba, kuma a ɗakin nan ne kawai nake jin kamar zai turo ƙofa.

'Yar'uwarki a Mount Hope

*

'Yar'uwata,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam Mahamudu, ya haskaka makwancinsa. Tambayoyinki uku ne, zan fara da ta ƙarshe domin ita ce ba ta jira.

Kada ki sa hannu a kowace takarda, kuma kada ki daina biyan haya. Tsofaffin gine-gine da yawa a Bronx suna ƙarƙashin dokar ƙayyade haya. In naku yana ciki, matar da ta zauna da mijinta shekara da shekaru tana da haƙƙin a mayar da hayar sunanta bayan rasuwarsa. Kamfanin da yake da ikon fitar da ke kai tsaye ba kasafai yake tayin kuɗi ba. Ban ga takardunki ba, don haka ba zan yanke hukunci ba. Akwai lauyoyin 'yan haya da suke aiki kyauta a unguwarku. Ki tattara takardar aure, da ta rasuwa, da ta haya, da wasiƙun da suka zo gidan da sunanki, ki je a makon nan.

Maganar famfo kuwa, maigidanki ya fahimce ta daidai. Bayan karyewar tattalin arziki a 2008, babban banki ya ƙirƙiri sabon kuɗi ya yi ta sayen takardun bashin gwamnati da na gidaje, har zuwa 2014, don ruwa ya sauka, 'yan kasuwa su ci rance su ɗauki ma'aikata. Ruwa ya sauka, wannan babu musu. Rashin aiki ya ragu daga kashi goma cikin ɗari zuwa kusan huɗu, sai dai a hankali, kuma har gobe masana suna gardamar nawa ne aikin famfon, nawa ne na lokaci. Mai yiwuwa motar da Malam ya samu tana cikin rabonku. A ɗaya gefen, kuɗi mai araha ya taimaka wajen ɗaga farashin gidaje. Mai gidan kansa ya ƙaru yana zaune, ɗan haya ya ga gidan yana yi masa nisa, kamfanoni kuma suka sami rancen sayen gini irin naku. To, ruwan ya taɓa ku sau biyu, ya kawo aiki, ya kuma kawo wasiƙar nan.

Ta fuskar lissafi Zaituna ba ta yi ƙarya ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Amma da idon 2018 take kallo. A 2012 ke mace ce da ta ga mijinta ya yi shekara biyu babu albashi, ta ga mutane da yawa an ƙwace musu gidajen da suka saya da rance. Tsoronki na Allah ne, kuma malaman ma sun rabu biyu. Ni ba mai fatawa ba ce. In wata rana kuka so saye, akwai kamfanonin da suke cewa tsarinsu na Musulunci ne, ku bincika su da malami da lauya tare. Ba yanzu ba.

Kin cuce shi? A'a. Magidanci ne, da ya ga dama da ya sa hannu shi kaɗai. Ya so gidan, takardar ta shaida. Amma ya auna gidan da kwanciyar hankalinki a kan darduma, ya zaɓa, kuma kowace safiya da ya sa rigar nan ya fita bai ce komai ba, ya sake zaɓa. Kada ki mayar da kyautarsa ta zama tuhuma a kanki.

Ki nuna wa Zaituna takardar, ki ba ta labarin ludayi da taga. Yarinyar ba gida take yi wa kuka ba, ubanta take yi wa. Ku tafi wurin lauyan tare, Turancinta zai yi amfani. Takardar Parkchester ki mayar da ita aljihun, ki bar wa kanki rigar, sauran ki yi sadaka. Wadda za ki riƙe a hannu ranar zuwa wurin lauya ita ce ta hayar Mount Hope.

Allah ya zaunar da ke a ɗakinki, ya sanyaya muku zuciya ke da Zaituna.

Anti Firdausi