Kogin da Ka Ce Sai da Damina

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da yake na san gaisuwar ba za ta iso ba. Ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma da miƙo mani za ka yi ka ce in karanta maka, wai idonka na ƙaiƙayi, alhali tabarau ne ka ƙi sawa. Na ƙare ƙuruciyata a lakwal ina koya wa 'ya'yan mutane yadda ake rubuta wasiƙa, amma kai ban taɓa rubuta maka ko guda ba. Me zan rubuta wa mutumin da in na ɗaga murya daga madafa zai amsa? Yau ga shi na ɗauki biro.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya. Gonarka ta hanyar Kornaka ta yi kyau. Maiman da ka yi kafin zazzaɓin nan ya kwantar da kai a tsakiyar damina bai tafi banza ba. Babban ɗanka Abba shi ya tsaya kan girbi, ya cika rumbu, har ya kai wa yayarka, Yaya Rabi, nata kason kamar yadda kake yi. Ɗaurin daminsa bai kai naka ba, amma ban faɗa masa ba. Ɗiyarka Zuwaira ta koma aikinta na likita a Yamai, kullum sai ta kira ta tambaye ni ko na ci abinci, kamar ita ta haife ni. Ni kuma na fita takaba. Mata sun zo, an yi kitso, an yi lalle, an watse. Da suka tafi na zauna a tsakar gida ina kallon hannuwana, na rasa wanda zan nuna wa.

To, ga abin da ya sa na zauna rubutu. Malam, zan tafi kogin Isa, babban kogin nan da ya ratsa Yamai. Bana nake son tafiya, kafin ruwan ya ja baya, kuma saura kaɗan ɗanka ya hana ni.

Ka tuna alkawarinka? Ina amarya ka fara ba ni labarin, wai kana saurayi ka raka shanun wani ɗan kasuwa Yamai da damina, ka tsaya kan gada ka ga ruwa ja wur, ba iyaka, kwale-kwale suna yawo a kai kamar ɓawon gyaɗa. Ka ce sai ka kai ni na shiga ɗaya. Ni ɗiyar Dakoro, ruwan da na sani shi ne wanda ake jawowa da guga daga ƙarƙashin ƙasa, sai tabkin da ke ƙafewa kafin a gama sussuka. Na ce maka ƙarya kake, babu ruwa haka a duniya. Ka rantse har da dafa ƙirji.

Daga nan kowace shekara maganar ɗaya ce. Da damina ina babban hutu, amma kai kana gona, kuma wa ya isa ya raba ka da gero yana kan tasowa? Da sanyi kuma kana zaune ƙofar gida kana tufkar igiya, ba aikin fari ba na baƙi, ni ma ina da ɗan hutun ƙarshen shekara. In na ce to mu tafi yanzu, sai ka yi mani dariyar nan taka ta wanda ya ga duniya. Ka ce me za mu je gani da rani, yashi? Ka ce in dubi Gulbin Maraɗi, da damina ya ci mutum, da rani amalanke na bi ta cikinsa. Wai kogi duk kogi ne, cikarsa sai da damina. Na yarda da kai. Kai ne ka taɓa gani, ni ce ban gani ba.

Bayan na fita takaba, Zuwaira ta aiko mani da lambar wani Bazabarme mai jagorar baƙi a kan kogin, Hamani sunansa, wai ya taɓa kai su da abokan aikinta. Ita so take in sami abin da zai fitar da ni daga ɗaki. Na daɗe ina juya salular kafin in kira. Na gaishe shi, na ce masa ni tsohuwar malamar lakwal ce daga Dakoro, ina son ya ajiye mani wuri a jirginsa idan damina ta zo, ruwa ya cika. Malam, sai mutumin nan ya ce mani, da Hausarsa mai karkata, wai Inna ai da damina ba ya ɗaukar baƙi. Ruwan damina ja ne, mai fushi, ga hadari ga iska. Wai in dai cikar kogi nake son gani, shimfiɗe, kwance lafiya, to yanzu ne lokacinsa, cikin sanyi, watan Janairu zuwa wanda ke bi masa. Bayan nan sai ya fara janyewa.

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Ban san lokacin da na kashe salular ba, ko sallama ban yi masa ba.

Haba Malam! Da sanyi? Lokacin da kake zaune kana tufkar igiya? Duk shekarun nan da nake cewa mu tafi kana mani dariya, ashe kogin na can cike yana jiranmu? Wallahi na yi fushi da kai irin fushin da ban taɓa yi ba kana raye. Na shiga ɗakinka na tsaya gaban rigunanka na yi ta faɗa. Na ce ga mai ilimin ruwa, ga wanda ya tsaya kan gada sau ɗaya tak ya dawo ya zama sarkin kogi. Da kana nan da ka sosa ƙeya ka ce to ai ba a tambayi Bazabarmen ba tun farko. Da na tuna haka sai dariya ta ƙwace mani, ita ce ta farko tun rasuwarka. Daga dariyar kuma na zarce da kuka, har Yaya Rabi ta leƙo ta katanga ta ga ko lafiya.

Ni ma fa da laifina a ciki, kar ka ce na ɗora maka kai kaɗai. Ina koya wa yara sunayen koguna a allo, ina zana masu wanga kogi da alli shuɗi, amma ban taɓa tambayar kaina yaushe yake cika ba. Ka faɗa, na ɗauka.

Kashegari na sake kiran Hamani na ba shi haƙuri. Mutumin kirki ne, ya zayyana mani komai. Da safe ake tashi, daga wani gaɓa can sama da Yamai kaɗan. Jirgin katako ne mai rumfar tabarma, da ɗan inji, da masu tuƙi biyu da aka haifa a bakin ruwa. Kowa sai ya sa rigar nan mai hana nutsewa kafin ya taka ciki, ko minista ne. Za a tsaya wani tsibiri a ci gasasshen kifi, in an yi sa'a a hango dorina daga nesa, a dawo kafin la'asar. Ya tambaye ni ko na iya iyo. Na ce masa ɗana, a Dakoro a ina? Ya tambayi ko ina da hawan jini, ya ce in zo da mayafi mai kauri, in sa salula cikin leda. Ni kuma na tambaye shi zurfin kogin gaba nawa ne. Ya yi ta dariya, wai duk baƙin da ya ɗauka ba wanda ya taɓa auna masa kogi kamar rijiya. To da me zan auna? Ya ce in na shirya in aika da kafin alƙalami ya riƙe mani ranar, don lokacin nan wurare ba sa jira.

Sai Abba ya ji. Ka san ɗanka, fuskarka ya ɗauko da taurin kanka, bai bar ko ɗaya ba. Ya zo ya durƙusa da ladabinsa, ya ce Inna a yi haƙuri a bari sai baɗi. Wai hanya da nisa, daga nan Maraɗi, daga Maraɗi yini guda cur a mota, ga gwiwoyina. Wai dorina na kifar da jirgi. Wai kuma me mutane za su ce, jiya-jiya na fita takaba yau an gan ni ina yawon buɗe ido a kan ruwa. Yaya Rabi ta kama masa, ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin matar da mijinta ya rasu ta tafi kallon kifi ba. Na so in tuna wa Abba wanda ya goya wani. Amma da na dube shi na ga ba mutane yake tsoro ba. Yaron nan ya binne uba da damina, tsoro yake kar ruwa ya karɓe masa uwa da rani. Na ce to, Allah ya kai mu baɗin.

Tun da ba za ka ji ba, bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Ni tsoron ruwa nake, Malam. Ko rijiya ba na son leƙawa. Duk nacin da nake maka a kan tafiyar nan, rabinsa don ka sake ba ni labarin ne. In ka fara, kana buɗe hannuwa kana nuna faɗin kogin, fuskarka na komawa ta saurayin da ya zo zance gidanmu da aron takalmi. Shi nake son gani. Ina son ka, Malam. Mu ba a koya mana faɗin haka ba, sai dai mu ƙara maka man shanu a tuwo mu yi shiru. Ka gane kuwa? Ko kai ma ka ɗauka kogin kawai nake so?

Na kira Hamani don in ce masa an ɗaga sai wata shekara. Ya ce ba komai, kogi na nan. Har zan kashe, sai malantar ta motsa mani. Na ce ɗana, kafin ka tafi warware mani abu guda: ta yaya kogi zai cika alhali ko ɗigo ba a yi daga sama ba tun kaka? Ya ce ai Inna ruwan ba na nan ba ne. Can ƙasar Gine yake zuba, kan duwatsu, da damina. Sai ya kamo hanya, ya ratsa Mali, ya bazu cikin fadamu ya huta, ya sake tattarowa, yana tafe a hankali wata da watanni kafin ya iso Yamai. Wai ruwan da za a hau a watan Janairu, ruwan daminar da ta wuce ne, yanzu ya iso.

Na ce wace damina? Ya ce wannan dai da aka gama.

Malam, ka ji? Ashe ba ka yi kuskure duka ba, ruwan damina ne kamar yadda ka ce, makara kawai yake yi a hanya. Kuma ruwan da ke wucewa ta Yamai yau, lokacin da ya zubo daga sama kana raye. Kana duƙe a gonarka da hauya, kana mitar ciyawa, kana dawowa gida kana tambayata ko fura ta samu. Na baɗi kuwa zai zubo ne a duniyar da ba ka cikinta. Kogi na nan, gaskiyar Hamani, amma wanga ruwa in ya wuce ya wuce.

Ban ɗaga tafiyar ba. Na aika a kira mani Abba, na zaunar da shi, na faɗa masa yadda Hamani ya faɗa mani, ban ƙara ba ban rage ba. Ban roƙe shi ba, ban kuma yi masa faɗa ba. Ya tashi ya zagaya wajen rumbu, na ji yana jan hanci, na yi kamar ban ji ba. Da ya dawo sai ya ce in ba shi lambar Bazabarmen. A gabana ya kira, ya tambaya ko rigar hana nutsewar akwai wadda za ta shigi ƙato irinsa, ya ce a riƙe wuri uku, da ni da shi da Zuwaira. Shi da kansa ya je ya aika da kafin alƙalamin, ya biya tasha ya kama mana kujeru. Yaya Rabi har yanzu tana cewa mun haukace, amma ta kawo mani gora ta ce in ɗebo mata kaɗan ta gani da idonta.

Jibi za mu tashi, in Allah ya yarda. Tsoro na nan, ban ɓoye maka ba, kuma na san na ɗanka ya fi nawa. Amma zan shiga. In mun kai tsakiya zan ce Hamani ya kashe injin. Zan naɗe hannun riga in tsoma hannuna cikin ruwan daminarka ta ƙarshe, in bar shi a ciki har ya yi sanyi, in yi maka addu'a a nan.

Allah ya jiƙan ka, Malam, ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka, ya shayar da kai daga kogunan da ba sa janyewa. Ka huta lafiya, sai na iso.

Matarka, wadda ta yarda da kai,
Hajara