Sunan da Babu a Katin Kamfani

Birnin Kudu,
9 ga Maris, 1977

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zafin Kano? Mu nan sai godiyar Allah, amma babu lafiya.

Jiya motar kasuwa ta kife da mu tsakanin Basirka da Gwaram. Ni ƙujewa kawai na yi. Kubra ta karye a hannu. Babban yaronmu kuwa buhunan gero ne suka danne masa ciki. Likitan nan ya ce jini na zuba masa ta ciki, aikin sai Kano, kuma sai a motar asibiti mai ƙarin ruwa. Tasu ta tafi da wata mai naƙuda.

Na nuna katin asibitin da kamfaninku ya ba ma'aikata, aka buga waya, motarku ta iso da safe. Malamin jinyar da ke cikinta ya karanta katin: ni da 'yan matanmu, Kubra da Batulu. Ya ce wanda ba ya cikin kati ba ya cikin inshora, ko an kai shi asibitin kamfani ba za a karɓe shi ba. Na roƙe shi ya bar Kubra ya ɗauki wanta, ya ce aikinsa zai rasa. Yanzu mai karayar hannu ce za ta tafi a kan katifa.

Manu, direban motar, ya gaya mini yadda aka yi. Ranar da akawu ya tambaye ka sunayen 'ya'yanka a gaban jama'a, ka sunkuyar da kai, ka tsallake ɗan fari. Wai kunya. Ni ma ban taɓa kiran sunansa ba, amma ni ba a miƙo mini takarda ba. Na sha gaya maka ofis ba zauren Baffa ba ne.

Manu zai kawo maka wannan. Ka je wurin manaja yau, ka buɗe bakinka.

Matarka,
Safiyatu

Gwaram,
14 ga Maris, 1977

Zuwa ga Malam,

Ina gaishe ka. Yaya hannun Kubra? Allah ya ƙara sauƙi.

Motarku ta dawo ranar Juma'a da sabon kati. Ta tarar mun rufe shi tun Alhamis.

Bai yi kuka ba, haka na rene shi. Ya tambaye ni ko kana tafe. Ban saba yi wa 'ya'yana ƙarya ba, na ce masa babansa kunyarsa yake ji. Ya juya fuskarsa bango.

Masu ta'aziyya suna ta cewa ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma kowa da hisabinsa. Idan Kubra ta tambayi wanta, kai za ka amsa mata. Kada ka aiko mini da atamfa.

Ga katin na mayar maka. Manu ya ce ko wannan karon ma ƙanenka Buba ne ya faɗa wa akawu sunan, kana tsaye a bayansa.

Sunansa Hambali. Ka karanta da ƙarfi, Malam. Yanzu ba ya ji, babu sauran wanda za ka ji kunya.

Wassalam,
Safiyatu, uwar Hambali