Famfon Haruna da ƙahonin babana

Daren Talata, tara ga Rajab

Yau Haruna mai tuƙa tarakta ya zo rumfata kamar aski zai yi. Sai da kowa ya watse ya ce, "Baba, famfon ƙara girman gaba na saya. Ya ƙaru, amma zafi." Aurensa saura kwana goma.

Na duba, na ce, "Ɗana, ruwa ne ya taru. Shekara hamsin ina kafa ƙaho a nan garin Gadarif, ban taɓa ganin gadon bayan da ya ƙara nama ba."

Wai takardar famfon ba haka ta ce ba. Na ce takarda ta taɓa tsotsar ƙaho?

Ya roƙe ni in tsaga wurin, na ƙi. In kumburin bai sace gobe ba, sai likita.

Ga famfon nan cikin zabirata, kusa da ƙahonin babana. Da hannunsa ya miƙo mini.