Igiyar Ƙofar Baba

Zuwa ga yayana Zunnuraini, a Maraɗi.

Gaisuwa mai yawa. Ya hanya, ya su Ummusalma da yara? Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba Bashir direba wannan takarda.

Yaya, hankalina bai kwanta da matar nan Felicia ba, ma'aikaciyar asibitin da ka ba hayar ɗakin zaure. Tun da Baba ya yi tuntuɓe ran Juma'a ta maƙale masa. Ta naɗe tabarmar ƙofarsa, wai bakinta ya tashi. Ta shafa farin fenti a dokin ƙofa. Ta ɗaura igiya daga ɗakinsa har makewayi, ka ce za a shanya kaya. Duk wannan na haɗiye. Amma shekaranjiya da idona na gan ta tana share ƙasar da Baba yake takawa, ta kwashe a kwali ta fita da ita. Kuma ta ɗauke tsofaffin silifansa ta kawo wasu masu maɗauri. Kai ma ka san abin da ake yi da sawun mutum. Na tambaye ta, ta ce tsakuwa ce ke sa santsi. Tsakuwa! A gidan da aka haife mu?

Abin da ya fi ba ni tsoro, Baba da ba ya jin maganar kowa, yanzu ko uffan ba ya ce mata. Ni dai ba zan zuba ido a juya mana uba ba.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Hajara.

*

Yaya Zunnuraini,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu nan sai addu'a.

Ban jira amsarka ba. Ran Talata da Felicia ta tafi aiki na tsinke igiyar, na kankare fentin da wuƙa, na mayar wa Baba silifansa. Har na ji sanyi a raina.

Da azahar ya fito alwala. Ina bakin murhu ina kallonsa. Ya miƙa hannu inda igiyar take, ya kama iska, silifa ya harɗe a dokin ƙofa, ya tafi gaba ɗaya. Ƙugunsa ya karye, Yaya. Felicia ce ta baro wurin aiki a guje ta samo mota, ta riƙe kansa a cinyarta har Katsina. Ko a motar sai da zuciyata ta ce, ya aka yi ta san zai faɗi?

A asibiti na ji komai. Ashe idon Baba ya daɗe da dushewa, farin fentin nan kaɗai yake iya gani a ƙasa. Ya ɓoye mana don kada ka bar tuƙi ka dawo gida jinya. Ita kaɗai ya faɗa wa, ya kuma roƙe ta ta rufa masa asiri.

Jiya ina ba shi kunu ya laluba ya kama hannuna, ya ce, "Hajara, ni na sa yarinyar nan ta ɗaura min igiya. Wa ya kwance?"

Na ce kunun zai huce. Har yanzu ban ba shi amsa ba, ita ma ba ta faɗa masa ba.

Ka taho, don Allah. In za ka ƙetaro ta Magama, ka sayo igiya mai kauri, irin ta ɗaurin kayan mota. Likita bai ce zai sake tafiya ba, amma ka sayo.

Ƙanwarka, Hajara.